Me ya sa man yake Agadem, Damagaram kuwa sai dutse?

Wani malamin makaranta a nan Damagaram ya aiko mini da tambayar da ɗalibansa suka tsare shi da ita. Ya ce matatar mai tana nan kusa da mu, amma ɗanyen man daga Agadem ake turo shi ta bututu, mu kuwa a cikin gari ko rijiya aka haƙa ba a yin nisa sai a ci karo da dutse. Mene ne ya bambanta ƙarƙashin Agadem da ƙarƙashin Zinder? Kuma da gaske ne wai ƙasa tana miƙewa har ta lotsa ta zama kwari?

Malam, da gaske ne. A gabashinmu ƙasa ta taɓa miƙewa, ta yi siriri, ta nutse, yashi da laka suka cike ramin. Mu nan muna zaune ne a kan gefen da bai nutse ba. Abin da ya raba mu da Agadem ke nan, amma tunda koyarwa za ka yi, bari mu bi shi daki-daki.

Ka fara da duwatsun da ɗalibanka suke gani kullum, manyan mulmulallun nan na Birni da kewayen gari. Giranit ne, wato dutsen da ya narke a can cikin ƙasa sannan ya huce a hankali. Wasu duwatsun yankin Damagaram da Muniyo sun kai kimanin shekaru miliyan 600, wasu kuma sun ɓullo daga baya, wajen miliyan 300. Ka fasa guntu ka duba da kyau: ƙwayoyin farare da ja-ja da baƙaƙe sun sarƙe da juna, babu ƙofa a tsakaninsu. Ka ɗiga masa ruwa, zai gangare ya bar shi. Babu inda mai zai zauna a cikinsa, kuma babu abin da zai zama mai tun farko, domin mai daga gawar ƙananan halittun ruwa yake samuwa, waɗanda suka mutu suka kwanta a cikin laka, aka binne su kilomita 2 zuwa 4, suka dahu a zafin da ya kama daga digiri 60 zuwa wajen 120 tsawon miliyoyin shekaru. Kafin a binne abu haka, dole a sami wurin da yake ta nutsewa yana karɓar sabon kaya. To me ke sa wuri ya yi ta nutsewa?

Ɓawon ƙasa a ƙarƙashin nahiya yana da kaurin kilomita 30 zuwa 40. A ƙarƙashinsa akwai wani dutsen da ya fi shi nauyi, ana ce masa mantil. Shi kansa ɓawon ba halinsa ɗaya ba daga sama har ƙasa. Kilomita 10 zuwa 15 na sama suna da sanyi, saboda haka idan an matsa musu karyewa suke yi. Na ƙasa kuwa zafi ya tausasa su, ba su narke ba, amma idan aka ja su a hankali suna bin ja. Ka tuna tabki idan ya fara ƙafewa da bazara: sama ta bushe ta yi ɓawo, ƙasa tana nan da danshi. Idan lakar ƙasan ta zame gefe, ita miƙewa take yi, ɓawon saman kuwa sai ya tsattsage, wasu ɓangarori su rufta. Haka ƙasa take yi, sai dai ita a shekara milimita kaɗan take motsawa. Kada yara su raina wannan motsi. Milimita 3 a shekara, idan ya ɗore shekaru miliyan 10, kilomita 30 ke nan.

Tsagar da ja yake haifarwa ba a tsaye take ba, a karkace take shiga ƙasa, galibi wajen digiri 60. Ɓangaren da ke kwance a kan tsagar yana zamewa ƙasa, na ɗaya gefen kuma ya ɗan ɗaga. Littattafan makaranta sun fi zana tsaga biyu suna fuskantar juna da tsakiya a rufte daidai wa daida, amma a fili abin da aka fi samu shi ne babbar tsaga guda a gefe ɗaya, ƙasan kwarin kuma ya jirkice ya gangara wajenta. Wannan jirkicewar ita ce take tsara inda kowane kaya zai kwanta. Gefen da ya ɗaga ya zama tudu, ruwan sama yana zaizayarsa. Tsakuwa da manyan duwatsu su zube a gindin tsagar, yashi ya bi koramu ya ɗan yi nisa, laka mai laushi kuma ta tafi har tsakiyar tafkin da ya taru a wurin da ya fi zurfi. Duk lokacin da tsagar ta sake zamewa, an ƙara wa ramin zurfi. Shi ya sa idan muka ga shimfiɗar dutse tana ƙara kauri yayin da take kusantar tsaga, mun san ta kwanta ne lokacin da tsagar take aiki. Da wannan alama muke gane zamanin da aka ja ƙasa ko da babu wanda ya gani.

Wanda yake son ganin abin yana faruwa yau, ya dubi gabashin Afirka. Tafkin Tanganyika yana cikin irin wannan kwari, zurfinsa ya kai kimanin mita 1,470, ƙarƙashin ruwan kuma akwai laka mai kaurin kilomitoci. A yankin Afar na Habasha, a watan Satumban 2005, ƙasa ta buɗe a tsawon kimanin kilomita 60 cikin 'yan makonni, a wasu wurare faɗin buɗewar ya kai mita 8. Gabashin Nijar ya taɓa zama haka.

Sai dai tsaga kaɗai ba ta isa ta bayyana zurfin da muke samu ba, kuma a nan ne nake so ka tsaya da ɗalibanka, domin lissafin ba shi da wuya. Mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi na dutsen ɓawo yana da nauyin kilo 2,800 ko kusa da haka. Na mantil kilo 3,300. Ɓawo mai sauƙin nauyi yana zaune ne a kan mantil mai nauyi, kuma tsayin da samansa yake kaiwa ya dogara da kaurinsa. A ɗauka an ja ɓawo mai kaurin kilomita 35 har faɗinsa ya ninka biyu. Kaurinsa ya koma 17.5. Mantil ya taso daga ƙasa ya maye gurbin abin da aka rasa, amma da yake ya fi nauyi, ba ya bukatar tasowa duka kafin nauyi ya daidaita. Bambancin kilo 500 sau kilomita 17.5, a raba da 3,300, ya ba da ramin kusan kilomita 2.7 idan babu komai a cikinsa. Amma rami ba ya zama wayam. Idan ruwa ya cika shi, nauyin ruwan zai danna shi ya kai wajen kilomita 3.8. Idan kuwa yashi da laka ne, masu nauyin kilo 2,400, sai a raba da 900 maimakon 3,300, amsar ta kusa kilomita 10. Kayan da suka zo cike ramin su ne suke ƙara danna shi, shi kuma ya sake buɗe musu wuri. Ta haka kwarin da ruwansa bai taɓa yin wani zurfin kirki ba yake iya tara shimfiɗu masu kaurin kilomita 10.

Wannan nutsewar ba ta zuwa gaba ɗaya. Lokacin da ake jan, dutsen mantil mai zafin kimanin digiri 1,300 yana matsowa kusa da sama. Abu mai zafi kumbura yake yi, saboda haka yana tallafe wurin, ya hana shi nutsewa yadda ya kamata. Bayan ja ya tsaya, tsage-tsage sun yi shiru, sai zafin ya fara fita, dutsen ya tsuke ya ƙara nauyi, yankin gaba ɗaya ya ci gaba da sauka, da sauri a farko, a hankali daga baya, har shekaru miliyan 100 ko fiye. Masanin nan na Jami'ar Kambirij a Ingila, Dan McKenzie, shi ne ya fitar da lissafin wannan mataki biyu a 1978, kuma har yau da shi masu neman mai suke farawa. A ganina wannan kashi na biyu shi ne aka fi mantawa da shi a aji, alhali shi ne yake binne lakar har ta dahu. Sakamakonsa kuma a bayyane yake: a can ƙasa matsattsun kwaruruka masu zurfi da tsage-tsage a gefensu, a sama kuma shimfiɗa mai faɗi da ta rufe su duka ta wuce iyakarsu. Babban kwarin Tafkin Chadi, wanda ya haɗa Diffa da Borno da yammacin Chadi, shi ne murfin nan na sama. Shi ya sa matafiyi daga Gure zuwa Ngigmi ba ya ganin komai sai tudun rairayi da fili, bai san yana ratsa bakin rami mai zurfin kilomitoci ba.

To wa ya ja ƙasarmu? Kafin shekaru miliyan 140 da suka wuce, Afirka da Amurka ta Kudu a haɗe suke. Da suka fara rabuwa, Tekun Atlantika ta kudu tana buɗewa, ƙarfin rabuwar bai tsaya a gaɓa ba, ya shigo cikin nahiyar. Kuma bai yanka sabon wuri ba, ya bi tsofaffin tabo ne. Wajen shekaru miliyan 600 da suka wuce, manyan ɓangarorin ƙasa sun yi karo suka haɗu suka zama wannan yanki namu, kuma layukan haɗuwar sun kasance masu rauni har abada. Su ne manyan tsage-tsagen da suka ratsa wannan yanki. Ɗaya ya taso daga Kamaru ya ratsa kudancin Chadi da Afirka ta Tsakiya ya kai Sudan, ci gabansa kuma yana can arewa maso gabashin Barazil. Wani kuma shi ne wanda Kogin Binuwai yake kwance a kansa.

A kan waɗannan manyan layuka, ɓangarorin biyu ba rabuwa kai tsaye suka fi yi ba, gogar juna suka yi, wannan ya yi gaba, wancan ya yi baya. Irin wannan goga tana buɗe kwari ta hanya biyu. Idan layin yana da lanƙwasa, ko ya katse ya ci gaba a ɗan gefe, wurin lanƙwasar yana wagewa yayin da ɓangarorin suke wucewa, sai a sami kwari matsattse mai zurfi ƙwarai. Tekun Gishiri da ke tsakanin Jodan da Falasɗinu da Isra'ila haka ta samu, gaɓarta tana ƙasa da matakin teku da fiye da mita 400. Kwarurukan Doba da Doseo da Salamat na kudancin Chadi sun jeru a kan layin Afirka ta Tsakiya, kuma goga tana da babban hannu a samuwarsu. Hanya ta biyu kuwa tana ƙarshen layin. Motsin da ya zo ƙarshe dole ya sami inda zai tafi, sai ya buɗe kwari a gicciye. Kwarin Muglad na Sudan haka yake a ƙarshen layin Afirka ta Tsakiya. Namu kuwa, kwarin Tarmit, wanda Agadem yake cikinsa, yana gicciye da layin Binuwai: Binuwai ya nufi arewa maso gabas, Tarmit ya miƙe daga wajen Tafkin Chadi ya nufi arewa maso yamma, tsawonsa kimanin kilomita 600, faɗinsa wajen 150, ya ci gaba da rassa irin su Tenere da Tefidet. Man Doba, man Sudan, man Kolmani da ke iyakar Bauchi da Gombe, da man Agadem, duk 'yan gida ɗaya ne.

Idan aka bi shimfiɗun Tarmit daga ƙasa zuwa sama, tarihin yana karantuwa. Na can ƙasa yashin kogi ne da lakar tafki, na zamanin jan farko, tsakanin shekaru miliyan 140 da 100 da suka wuce. Sannan ja ya lafa, sanyaya ta fara, yankin ya sauka, a daidai lokacin da ruwan tekunan duniya ya yi sama ƙwarai. Teku ta shigo ta arewa, ta shigo ta Binuwai, ta haɗe ta ratsa inda Sahara take yau. Wannan ba sai an haƙa rijiya za a gaskata ba. A tuddan Damargu, wajen Tanut, ana tsintar duwatsu masu siffar dodon koɗi a naɗe, da layi-layi a jikinsu, wasu sun cika tafin hannu. Halittun teku ne da suka rayu fiye da shekaru miliyan 90 da suka wuce. Idan ka sami ɗaya ka kai aji, ya fi zane goma a allo. A cikin Tarmit wannan teku ta ajiye baƙar laka mai kauri, shimfiɗun da ake kira Donga da Yogu, kuma Yogu ita ce babbar uwar man Agadem, wato lakar da man ya samu a cikinta. Da teku ta janye, koguna suka shimfiɗa yashin Madama. Daga baya aka sake jan kwarin karo na biyu, har zuwa wajen shekaru miliyan 25 da suka wuce, tsofaffin tsage-tsage suka farka, sababbi suka fito. A wannan zango ne aka sami Sokor ta ɗaya, yashi da laka suna karɓa-karɓa, sannan Sokor ta biyu, lakar tafki mai kauri da ta rufe komai. A tsakiyar kwarin jimlar shimfiɗun ta wuce kilomita 10.

Wanda ya taɓa riƙe guntayen da ake cirowa daga rijiyar bincike ba ya manta bambancin. Lakar uwar mai baƙa ce ko toka-toka mai duhu, tana ɓarewa shafi-shafi, ba ta shan ruwa. Dutsen yashin kuwa kana murza shi da yatsa ƙwayoyi suna zubowa, ka ɗiga ruwa ya shanye nan take, idan kuma mai ya zauna a cikinsa za ka ga ya yi ruwan ƙasa, warinsa ya kama hannu. A cikin waɗannan ƙananan ƙofofi man yake, babu wani tafki ko kogin mai a ƙarƙashin ƙasa.

Tsage-tsagen nan aiki biyu suka yi wa Agadem bayan buɗe ramin. Su ne hanyar da man ya bi ya taso daga Yogu zuwa yashin Sokor. Su ne kuma suka tare shi: inda tsaga ta zame ta kawo laka ta jingina da bakin yashi, man ya zo ya tsaya, laka a samansa, laka a gefensa. Shi ya sa Agadem ba fili ɗaya ba ne, tarin ƙananan tarkuna ne masu yawa, kowanne a kan ɓangarensa da ya jirkice. An kuma yi sa'a. Wajen shekaru miliyan 84 da suka wuce, motsin Afirka ya sauya, aka matse kwarin Binuwai, shimfiɗunsa na kudu suka nannaɗe suka ɗaga, wajen Abakaliki a kudu maso gabashin Najeriya. Tarmit bai sha wannan matsa sosai ba saboda yadda yake fuskanta, sai ya ci gaba da sauka. Kuma jan bai kai ga raba nahiyar ba. Da ya kai, da yau teku ce a gabashinmu.

Duk wannan an san shi ne ta awon nauyin ƙasa, da kuma aika girgiza cikin ƙasa da manyan motoci ana sauraron amsawarta da na'urori, sannan rijiyoyi su tabbatar. Kamfanoni irin su Texaco da Esso da Elf sun yi bincike a yankin tun daga shekarun 1970, sun kuma ga mai, amma nisa da tsadar fitarwa suka hana aiki. A 2008 Nijar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin CNPC na Sin, a watan Nuwamban 2011 aka buɗe matatar SORAZ, kimanin kilomita 50 arewa da gari a hanyar Tanut, mai tace ganga 20,000 a rana, da bututu mai tsawon fiye da kilomita 460 daga Agadem. Bututun da ya tafi gaɓar Benin, mai kusan kilomita 2,000, ya fara fitar da mai a 2024. An kafa matatar a nan ne don hanya da kasuwa da jama'a.

Batun rijiyarku kuma dalilinsa ɗaya. Damagaram tudun tsohon dutse ne tsakanin kwari biyu, na Chadi a gabas da na Iwillimmeden a yamma. A kan giranit ruwa ba ya samuwa sai a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsage-tsagensa, kuma ɗan kaɗan ne. Shi ya sa ake jawo ruwan gari daga waje, daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram, inda akwai yashin da ke riƙe ruwa, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da ake ambata na mayar da babban birni Yamai a 1926. A Manga kuwa, cikin murfin kwarin Chadi, akwai rijiyoyin burtsatse da ruwa yake fitowa da kansa, saboda yashin yana matse tsakanin laka sama da ƙasa. Abin da yake damuna shi ne yadda har yanzu ake zuba kuɗin jama'a a haƙa burtsatse a kan dutse ba tare da an fara awon inda tsaga take ba. Awon ba shi da tsada idan an kwatanta da ramin da ya fito a bushe.

Akwai wata magana da ɗalibanka za su ji a kasuwa ko a rediyo, wai Nijar da Chadi suna zuƙe man Borno ta ƙarƙashin ƙasa, ko kuma akasin haka. Ina roƙonka ka gyara musu ita, domin tana sa gaba tsakanin 'yan'uwa a kan abin da ba ya yiwuwa. Tarko ɗaya faɗinsa 'yan kilomitoci ne, tsaga da laka sun killace shi, kuma rijiya tana jan abin da ke kusa da ita ne kawai ta cikin ƙofofin da ba su kai ƙwayar gero ba. Ba ta iya jawo mai daga nisan ɗaruruwan kilomita. A ɓangaren Borno an haƙa rijiyoyin bincike sama da 20 a shekarun 1980 da 1990, abin da aka fi gani alamun iskar gas ne, saboda kowane reshe na kwarin yana da nasa tarihin binnewa da zafi da murfi. Inda kuwa aka sami tarko guda da iyakar ƙasa ta ratsa ta kansa, akwai hanyar da aka saba bi: a auna rabon kowa, a haƙa tare, a raba. Haka Birtaniya da Norwe suka yi da filin gas na Frigg a Tekun Arewa, da yarjejeniyar da suka sa wa hannu a 1976.